Fuska ɗaya a cikin dubbai

Yau na ɗauki ɗan jagora ni kaɗai, ya kai ni wurin sojojin yumɓu da ke kusa da birnin Shi'an a ƙasar Sin, waɗanda manoma suka ci karo da su a 1974 suna haƙa rijiya. Muna tsaye bakin babban ramin ina ta ƙirga layuka, sai ya ce, "Malam, bar ƙirga, zaɓi fuska ɗaya ka kalla." Na zaɓa. Gashin baki a murɗe, goshi a ɗan tamuke, kamar mai jiran a kira sunansa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Fiye da shekara 2,200 ke nan da aka gina wannan sojan saboda kabarin sarki ɗaya. Har na dawo masauki ina tunanin maginin da ya zauna ya murza wannan gashin baki da yatsunsa.