Gatarin aradu: makamin da nake ƙera wa jarumar labarina

Labarin da nake rubutawa yanzu yana faruwa ne nesa da Duniya, a kan Psyche, ɗaya daga cikin manyan duwatsun da ke yawo tsakanin Mars da Jupiter. Dutsen na gaske ne. Wani masanin taurari ɗan Italiya, Annibale de Gasparis, ya gano shi a 1852, faɗinsa ya haura kilomita 200, kuma masana na ganin akwai ƙarfe mai yawa a jikinsa. A watan Oktoba na 2023 hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbo zuwa can, ana sa ran isarsa a 2029. Ni kuwa na tura mutanena can bayan shekaru ɗaruruwa, masu haƙar ma'adinai da masu farfasa matattun jirage suna sayar da ƙarfensu. Jarumar tana cikin masu farfasawar, kuma abin da take rayuwa da shi gatari ne mai bakin wuta.

Idan aka ce gatarin makamashi, abin da masu zane suka fi yi shi ne su zana sanda, su ɗora mata wani jinjirin wata na haske mai shuɗi ko ja, shi ke nan. Yana da kyau a ido, ban musa ba. Amma raina bai taɓa kwanciya da shi ba, domin duk wanda ya taɓa faskare ya san cewa aikin gatari yana cikin nauyin kansa ne. Ka ɗaga, ka sako, ƙota ta ba kan gudu, nauyin ruwan ya ƙarasa aikin. A lissafin kimiyya ma haka yake: ƙarfin sara yana tafiya da nauyi da kuma gudu, in ka ninka gudun sau 2 ƙarfin ya ninku sau 4, shi ya sa doguwar ƙota ta fi gajera ɓarna. To in ka cire ƙarfen gaba ɗaya ka sa haske, wanda ba shi da nauyin komai, me ya sa za a yi sara da shi? Ai ɗora shi kawai za a yi a ja. Abin da ya rage a hannunka tocila ce a kan sanda.

Saboda haka na yanke cewa gatarina zai riƙe ƙarfensa. Kai mai nauyin kilo 2 da rabi, ƙota mai tsawon santimita 90. Siffar kan na ɗauko ta ne daga irin gatarinmu na gida, mai ƙota mai kumburarren kai, inda ake huda itacen a cusa wutsiyar ruwan. Wannan kumburin ya yi mini rana ƙwarai, don a cikinsa na ɓoye maganaɗisu da bututun iskar gas. Wutar kuwa a baki kaɗai take, siririn zare ne da ke tashi tsakanin ƙahonni biyu, ɗaya a saman kaifin ɗaya a ƙasa. Ƙahonnin na tungsten ne, ƙarfen da ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422, alhali baƙin ƙarfe yana zama ruwa tun a 1,538.

Wannan zaren wuta filasma ne, wato iskar gas da aka zafafa har ƙwayoyinta suka saki elektron ɗinsu, ta koma tana ɗaukar lantarki tana kuma bin umarnin maganaɗisu. Ba ƙirƙira ta ba ce. Rana filasma ce, walƙiya ma haka, kuma a masana'antu akwai injin yankan ƙarfe da filasma wanda zafin bakinsa ya wuce digiri 20,000, ninkin-ba-ninkin na fuskar Rana da ke wajen 5,500. Abin da na ƙaga shi ne maganaɗisun da zai iya riƙe wannan wuta a miƙe daidai kan kaifi, kuma ya shiga cikin dunƙulen da bai fi kan gatari ba. A yau, masu gina ITER, wata katafariyar na'urar gwajin samar da makamashi a kudancin Faransa, inda ake son tsare filasma mai zafin digiri miliyan 150, maganaɗisunsu sun fi gidan bene tsawo. Wannan ita ce ƙarya guda ɗaya da nake roƙon mai karatu ya yafe mini. Sauran abubuwan ina so su tsaya da ƙafarsu.

Na kai zanen wurin wani dattijo mai walda a unguwarmu, wanda ya gaji ƙira kafin ya koma injin lantarki. Ya ɗaga baƙin gilashinsa zuwa goshi, ya riƙe takardar da yatsu biyu don kada baƙin hannunsa ya ɓata ta, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Yaro, wutar nan a ina take sha?" Na ce, "Baba, batir ne a gindin ƙota." Ya ce, "To ka lissafa. Ni nan in na kunna inji, fitilun maƙwabta sai sun lumshe."

Na koma na lissafa, kuma lissafin ne ya gyara mini makamin fiye da duk wani zane. Batirin litiyam mai kyau na zamaninmu yana ɗaukar wat-awa (ma'aunin wutar da batir ke ajiyewa) kusan 250 a kowane kilo. Na sa kilo 2 a gindin ƙota, ya zama 500. In bakin yana cin kilowat 50, to daƙiƙa 36 kacal zai yi a kunne batirin ya mutu. Ke nan babu zancen jaruma ta tsaya tana karkaɗa gatari yana ta haske tana jawabi. Wutar za ta tashi ne lokacin da kaifin ya kusa taɓa abin sara, ta yi rabin daƙiƙa ta ɗauke. Sara 72 a caji ɗaya. Kuma abin da ke fita a rabin daƙiƙar nan bai wuce ya narkar da giram 20 na ƙarfe ba, wato ɗan layi siriri.

Nan ne nauyin kan ya dawo da martabarsa. Maƙeri ba ya yanka ƙarfe da sanyinsa; sai ya tura shi cikin gawayin ƙirya, ɗan zuga ya yi ta zuga har ya yi jajir, sannan a ɗora a uwar maƙera a buga. Gatarina yana haɗa ayyukan nan biyu cikin ƙiftawar ido: wuta ta tausasa layin, ƙarfen da ke bayanta ya kutsa ya buɗe. Ina iya cewa a labarina an ƙera batir da ya ninka na yau sau 100, ba wanda zai kama ni. Na ƙi ne da gangan. Macen da ta san saura sara 9 gare ta, ga ƙofofi uku a kulle tsakaninta da iskar shaƙa, ta fi ba ni labari a kan wadda wutarta ba ta ƙarewa.

Wani zai ce, ai a Psyche ba nauyi, to ina amfanin kai mai kilo 2 da rabi? Gaskiya ne ƙarfin da ke jawo abu ƙasa a wurin bai kai kashi 2 cikin 100 na namu ba, yaro ma zai ɗaga gatarin da ɗan yatsa. Amma taurin kai na abu mai jiki, ƙin motsawa in yana tsaye da ƙin tsayawa in ya tashi, yana nan ko'ina. Saran zai shiga yadda yake shiga a nan. Matsalar ta mai saran ce: in ƙafarta ba ta kafe ba, tana kai hannu jikinta zai juya, kaifin na dira kuma ta yi sama. Don haka na ba ta takalma masu maganaɗisu, na sa ƙugiya da igiya a gindin ƙotar. A duniyar labarin, ana gane sabon shiga da cewa yana ɗaga gatari kafin ya duba ƙafarsa. Faɗansu ma ba tsalle-tsalle ba ne. Kowa neman wurin kafa ƙafa yake, wanda ya riga samu shi ke da rinjaye.

Abin da ya fi cin raina shi ne zafi. A nan gida ƙarfe mai zafi iska ce ke kwashe masa zafin, ko a tsoma shi a ruwa. A sararin samaniya babu iska, zafi ba ya fita sai ta hanyar haskakawa a hankali. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, da ke kewaya Duniya a nisan kusan kilomita 400, tana da manya-manyan fararen fukafukai da amoniya ke zagayawa cikinsu don kawai ta zubar da zafi. Gatari ba shi da wurin fukafukai. Sai na sa jan ƙarfe a cikin kan ya riƙa shanye zafin, da ƙaramar kwalbar ruwa da ke fesar da tururi ta ƙeya bayan 'yan sare-sare. In ruwan ya ƙare ta ci gaba da sara, maganaɗisun ya yi rauni, zaren wutar ya karkace ya cinye kaifin kansa. Tsofaffin gatura a labarin duk bakinsu da tabon irin wannan rana, kuma masu saye suna duba tabon kafin su taya.

Launin wutar ban zaɓe shi don ado ba. Filasma na buƙatar gas, na zaɓi agon, shi kuma haskensa tsakanin shuɗi da shunayya yake. Haske ne mai cutar ido, irin na walda da ke sa mutum ya kwana yana jin kamar an watsa masa yashi, don haka gilashin hularta yana duhu da kansa a daidai lokacin sara. Ma'ana a rabin daƙiƙar da ta fi kowace haɗari, kusan ba ta ganin komai. Ƙara kuwa babu, sai girgizar da ke bi ta ƙota ta shiga safar hannu har kafaɗa.

Mutanen labarin suna kiransa gatarin aradu. Tun muna yara muke jin cewa in aradu ta faɗi tana sako wani ɗan gatarin dutse ne ya tsaga itace, har akan tsinci irin duwatsun nan masu santsi a gona a adana, alhali kayan aikin mutanen zamanin dutse ne. Ina son jikokin jikokinmu su tafi da wannan zance har bayan Mars.

Yadda ya zama makami kuwa, dalilin a fili yake. Harsashi a cikin jirgi yana huda bango ya kashe mai harbi da wanda aka harba tare, gatari kuwa ɓarnarsa ba ta wuce inda hannu ya kai. Jiragen sama na fasinja ma a yau da yawa suna ajiye ƙaramin gatari a ɗakin matuƙa don fasa hanya lokacin gobara. Jarumata ta shafe shekaru tana buɗe ƙofofi da nata tana fito da waɗanda suka maƙale, kuma babin da zai fi mini wuya shi ne ranar da za ta ɗaga shi a kan mutum. Rigar sararin samaniya ba ta buƙatar filasma kafin ta yage, kaifin sanyi ma ya isa, kuma ta san haka. A cikin matsuguni mai iska wutar na iya tayar da gobara, shi ya sa dokar wurin ta ce duk mai shiga sai ya zare batirinsa ya miƙa wa mai gadin ƙofa. Ƙarfen dai a kafaɗarsa ake bar masa, kuma a kan wannan giɓi na dokar nake gina babi na gaba.