Wata shida da takobin gora a hannu

Lokacin da na fara zuwa dojo, wato zauren da ake koyon kendo, fasahar faɗa da takobi ta Japanawa, jim kaɗan bayan na zo Japan karatu, takobi ne kawai a raina. Na ɗauka cewa tun daren farko za a miƙo mini shi a nuna mini yadda ake sara da karewa. Abin da aka fara koya mini shi ne inda zan ajiye takalmina, da yadda zan rusuna a bakin ƙofa, da yadda zan zauna a kan dugadugaina a ƙarshen sahu, ƙasa da yara 'yan firamare waɗanda suka riga ni shiga, domin matsayi da daɗewa ake bi wajen jeruwa.

Daga nan aka koma kan ƙafa, kuma a nan muka daɗe. Kusan makonni uku na yi ina kai da kawowa a kan daɓen katako babu takalmi, ƙafar dama a gaba, ta hagu a baya da diddigenta a ɗage kaɗan, ina zamewa ba tare da ɗaga ƙafa ba. Wannan tafiya ita ake kira suri-ashi. Tafin ƙafata ta hagu ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi, har ya zama kanta. Da na nuna wa Sensei, wato malaminmu, ya duba wurin da kyau, ya ce a daidai inda ya kamata ya fito, alamar cewa da hagu nake tura jiki gaba. Wannan ne yabo na farko da na samu daga bakinsa, kuma ya yi mini daɗi ƙwarai.

Takobin da muke amfani da shi sunansa shinai. Tsagin gora huɗu ne aka haɗa da fata da igiya, kuma na manyan maza ba ya wuce santimita 120, nauyinsa kuma ba ya kasa giram 510. Duk da cewa gora ce, ladabin takobi na gaske ake ba ta: ba a tsallake ta, ba a dogara ta kamar sanda, kuma igiyar da ke tafe a tsawonta ita ce bayan takobi, saboda haka saran da aka yi da gefe ba sara ba ne. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne hannu. Ni badame ne, amma hannun hagu ne ke ɗaukar nauyin aikin, musamman ƙaramin yatsa da wanda ke biye da shi, na dama kuwa jagora kawai yake yi. Duk lokacin da na gaji sai dama ta ƙwace aikin, takobin ya karkace, Sensei ya taɓa wuyan hannuna ya ce in sassauta.

Wani dattijo da muke atisaye tare ne ya ba ni labarin yadda abin ya faro, wata rana muna naɗe kaya. Tun farkon ƙarni na 18 malaman takobi irin su Naganuma Kunisato suka inganta takobin gora da sulke, domin ɗalibai su iya sarar juna da ƙarfi ba tare da an raunata kowa ba. A 1876 gwamnati ta hana samurai, wato mayaƙan gargajiya na Japan, yawo da takobi, bayan yaƙin duniya na biyu kuma aka dakatar da kendo baki ɗaya, sai a 1952 aka kafa hukumar kendo ta ƙasar Japan. Ya faɗi wannan ne yana ninke rigarsa a hankali, kuma na fahimci cewa a wurinsa abu ne da ya kusa salwanta aka ceto shi.

A wata na huɗu aka ba ni izinin sanya sulke. Kwalkwalin yana toshe kunne, yana taƙaita gani, ga zufa tana shiga ido babu halin sharewa. A karon farko da na fuskanci abokin karawa, na kai masa sara a ka, na ji gorar ta sauka sarai, amma babu wanda ya nuna ya ga wani abu. Raina ya sosu. Bayan an tashi Sensei ya yi mini bayani cewa taɓawa kaɗai ba ta isa ba: sai ihu da sara da saukar ƙafa sun zo lokaci guda, abin da suke kira ki-ken-tai-icchi, sa'annan a wuce a juyo cikin shiri kamar abokin gaba bai faɗi ba, wanda shi ne zanshin. Ni kuwa ƙafata ta makara, muryata ta tsaya a maƙogwaro, kuma ina sara na saki jiki. A ganina wannan ƙa'ida ita ce mafi adalci a cikin fasahar, domin tana hana a saka wa mutum a kan abin da ya samu bisa dace.

Yanzu ina koyon kata, jerin motsi goma da aka tsara a 1912, bakwai da dogon takobi, uku da gajere, ana yin su da takobin katako babu sulke. Mutum biyu ne ke yi, kuma babba ne ke ɗaukar matsayin wanda za a ci galaba a kansa, ya kawo hari da gaske domin ƙarami ya koyi inda ƙofa take. A makon jiya dattijon nan ya tsaya a gabana a kata ta farko, ya ɗaga takobi ya sauko da shi. Na ja baya taki ɗaya, tsinin ya wuce gaban ƙirjina, na shiga na tsayar da nawa a saman goshinsa. Ya dube ni bai ƙifta ido ba, ya ja da baya, ya ce mu sake daga farko.