Fobjika, kwarin da gauraka ke cin hunturu

Daga Timfu, babban birnin ƙasar Butan, zuwa kwarin Fobjika bai kai kilomita 150 ba, amma sai mota ta cinye wajen awa 5 a hanya. Titin ya nannaɗe jikin duwatsu, kwana na bin kwana, ga rami a gefe wanda ido ba ya iya ganin ƙasansa. Mun tashi da hantsi, ni da direba da ɗan jagora, domin baƙo ba ya zuwa lungunan ƙasar shi kaɗai, ga kuma harajin dala 100 da yake biya kowane dare. Muka haye mashigin Docula mai ƙananan hasumiyoyi 108, muka gangara Wangdi inda ake noman shinkafa har zufa ta ɗan keto mana, sannan muka sake hawa. A mashigin Lawala muka tarar da shanun yak suna kiwo a bakin titi, daga nan ƙasa ta buɗe.

Kwari ne mai faɗi da lafiyayyen ciki, irin wanda ƙanƙara ta sassaƙa tun zamanin da, a tsayin kusan mita 3,000. Tsakiyarsa dausayi ne, gajeriyar gora ta rufe shi, rafi yana ratsawa a karkace. Gidaje da gonaki duk sun ja gefe. A kan wani tudu ta arewa, gidan ibadar Gangte na mabiya addinin Buda yana kallon komai daga sama. Ban ga turken wutar lantarki ko ɗaya a cikin dausayin ba.

Abin da ya kawo ni shi ne gauraka mai baƙin wuya. Dangin gaurakarmu ce, sai dai ba ta da tukku. Ta kan kai wajen mita 1.3 a tsaye, jikinta fari-fari mai ruwan toka, wuya da kai da jela baƙaƙe, da ɗan jan tabo a tsakar ka. A tudun Tibet take ƙyanƙyasa da bazara, in sanyi ya tsananta a ƙarshen Oktoba ta tsallako duwatsun Himalaya ta sauka nan, ba ta komawa sai wajen Fabrairu ko Maris. Cikin nau'o'in gauraka 15 na duniya, ita ce masana suka rubuta daga ƙarshe, a 1876, saboda nisan wurin zamanta. Mutanen Butan suna ce mata turun-turun.

Kafin magariba muka hau Gangte. Pema Tirinle, jikan babban malaminsu Pema Lingpa, shi ya kafa wurin a 1613. Farfajiya ce shimfiɗe da dutse, ginin tsakiya fari da ja, sassaƙar katako ta cika tagogi. Ƙananan almajirai cikin jajayen mayafai suna ta gudu da bokitan ruwa, kawunansu a aske ƙwal duk da sanyin nan. Ɗan jagorana ya gaida wani dattijon malami da Lofen, wato malam, ni ma na bi sahu. Da na tambaye shi labarin tsuntsun, sai ya ɗaga yatsa ya zana da'ira a sama. Abin da suka yi imani da shi, in gaurakin suka iso sai sun kewaya gidan ibadar sau 3 kafin su sauka, haka ma ranar tafiya. Kewaya wuri mai tsarki ibada ce a wurinsu, don haka tsuntsun da ke yin ta ba abin harbi ba ne, kuma kashe mai rai dama babban laifi ne a addinin Buda.

Ni Musulmi ne, ban ɗauki wannan aƙida ba, amma na ga aikinta da idona. Washegari na ga garke yana kala a gonar da aka haƙe dankali, wata mata tana tattara kara ba nisa da su, babu wanda ya damu da wani. Wanda ya san yadda gauraka ta ƙare a fadamun Haɗeja da Nguru, har ta kai an fi ganinta a tsakar gidan masu hali fiye da daji, zai gane nauyin abin da nake faɗi.

Sai dai tsoron zunubi hannun maharbi kawai yake riƙewa. Ba ya hana waya sarƙe fiffike, ba ya hana a yanke wa dausayi ruwa. A nan masu lura da tsuntsaye suka shigo. A 1987 Dasho Paljo Doji ya kafa ƙungiyar kare halittu ta RSPN, kuma ƙidayar gaurakin nan na cikin ayyukanta na farko. Na bi wani ma'aikacinta da asuba. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, tana ƙaras-ƙaras ƙarƙashin takalmi, yatsuna sun ƙi riƙe biro. Muka tsaya nesa, ya kafa madubin hangen nesa. Gaurakin suna kwana ne a tsaye cikin ruwa mara zurfi, don duk abin da zai taso musu sai ya yi motsi a ruwa sun ji. Dole a ƙirga su kafin rana ta fito su watse gonaki. Ya ƙirga, ya sake, sannan ya ware 'ya'ya, waɗanda ake ganewa da kai mai ruwan ƙasa. Yawan 'ya'yan shi ke nuna yadda ƙyanƙyasa ta kasance a Tibet. Da haske ya game, ma'aurata biyu suka miƙa wuya sama suka saki kuka tare, ƙara mai kama da kakaki, duk kwarin ya amsa.

Wannan aiki mai cin rai, shekara bayan shekara, shi ya sa ake da hujja a hannu. A ƙarshen shekarun 1980 ɗari da ɗoriya ake samu a Fobjika, yanzu suna haura 500. Da hujjar aka zauna da hukuma lokacin da maganar wutar lantarki ta taso. Jama'a sun daɗe suna haƙuri da fitilar hasken rana, har aka samu tallafin ƙasar Ostiriya aka binne wayoyin a ƙasa. Ya fi tsada, ya fi jinkiri, kuma talakan kwarin ne ya yi zaman jiran. Haka ma dausayin. Dankalin Turawa shi ne kuɗin mutanen nan, ana lodinsa zuwa kasuwannin Indiya, kuma kowane manomi ya san in aka janye ruwan tsakiyar kwarin gona za ta ƙaru. Suka bar shi. Ina ganin a duk inda ake yabon Fobjika, da manoman nan ya kamata a fara.

Ranar 11 ga Nuwamba na ga yadda ɓangarorin ke haɗuwa. Ranar ce ta bikin gauraka, wanda aka fara a 1998, kuma a farfajiyar Gangte ake yinsa. Ƙungiya ce ta kawo shawarar, malamai suka ba da fili da mutuncinsu. Tun da safe mutane suka cika wurin cikin kayan ado, da kulolin shinkafa ja da miyar barkono da cuku. Malamai suka yi rawarsu ta rufe fuska, ana busa dogayen ƙahonni. Sannan 'yan makaranta suka fito cikin baƙi da fari, da kan gauraka a bisa kawunansu, suna tsalle suna buɗe hannu yadda tsuntsun ke yi. Wata tsohuwa kusa da ni ta riƙa nuna mini jikanyarta a cikin layi. Saƙon da ma'aikaci zai yi wata yana kaiwa gida-gida, a nan ya shiga kunne a yini ɗaya, domin daga bakin da suke girmamawa ya fito.

Matsala ba ta ƙare ba. A cibiyar baƙi ta ƙungiyar akwai wata gauraka da ake kira Karma, wadda aka tsinta a 2016 da karyayyen fiffike, ana zaton karnuka ne suka far mata. Ba ta sake tashi ba. Na tsaya bakin kejinta lokacin da wani garke ya wuce ta sama, ta ɗaga kai tana kira. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Karnukan da ba su da masu su suna da yawa a kwarin, kuma tausayin da ya kare gauraka shi ya hana a kashe kare, sai dai a kama a yi masa fiɗiya da allura. Ga otal-otal suna ƙaruwa a gefen tudu, ruwan wankinsu kuwa gangara yake bi, ga taki da maganin feshin dankali.

A hanyar dawowa ɗan jagorana ya ɗauko zancen Tawang, can gabas a cikin Indiya, inda gaurakin nan ke sauka a bakin kogin Nyamjang Cu. An shirya gina madatsar lantarki mai megawat 780 a wurin, takardun binciken muhalli kuma ba su ambaci tsuntsun ba. Malaman Buda ƙarƙashin Lama Lobsang Gyatso suka kai ƙara, suna riƙe da hotuna da bayanan da masu lura da tsuntsaye da mutanen ƙauye suka tara. A Afrilun 2016 kotun muhalli ta Indiya ta dakatar da izinin aikin. Wata guda bai cika ba aka kama malamin, jama'a suka fito neman a sake shi, 'yan sanda suka buɗe wuta, mutum 2 suka rasu.