Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a dare na 100

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar Juma'a nake son rubuta wannan saƙon amma barci ya yi awon gaba da ni, Asabar kuma muka wuni mayar wa mutane kayansu, sai yau Lahadi da na zauna a shago babu kastoma na ce bari na sauke nauyin nan kafin ya zama bashi. Zai yi tsawo fa, ku yi haƙuri da ni, mutanen da zan gode wa ne ke da yawa.

Daren Alhamis ɗin da ya wuce shi ne karo na 100 da muka kunna sifika a taronmu na mako-mako a nan Jidda. Ɗari cif. Ni kaina sai da na sake ƙirgawa a littafin da ƙanwata ke rubuta kuɗin ƙofa kafin na yarda.

'Yan uwa na Kano da Damagaram da ke bugo min waya suna tambayar wai wane irin kiɗa ne muke yi, ba ku kaɗai ba ne. Gwaggona ta Makka ta shafe kusan shekara tana faɗa wa ƙawayenta na Shari'a Mansur cewa ɗan ƙaninta ya zama makaɗin Hausa, don da na ce mata kiɗan haus sai kunnenta ya ƙarasa mata sauran, har tana tambayata ko ina da 'yan amshi. To haus dai daga Shikago ta Amurka ya fito a farkon shekarun 1980, kuma yawancin masu ba da labarin sun ce sunan ya samo asali ne daga wani gidan rawa mai suna Warehouse inda wani DJ baƙar fata, Frankie Knuckles, ya riƙa kiɗa daga 1977 zuwa 1982. Ganga ce ta inji take bugawa dum dum dum dum ba fashi, wajen bugu 120 zuwa 128 a minti ɗaya, aikin DJ shi ne ya ɗinke waƙa da waƙa yadda mai rawa ba zai ji inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. Shi ke nan sirrin. Amma in ka kuskure ɗinkin da ɗan ƙiris, za ka ji gangunan suna karo kamar dawaki biyu sun kwance, kowa sai ya waigo ya dube ka.

Mu da muka tashi a Sabil da Karantina mun san lokacin da irin wannan kiɗan sai dai a kunne, ko cikin mota an ɗage gilas a hanyar Kornish. A 2018 aka buɗe sinima, mata suka fara tuƙi, a ƙarshen shekarar aka kawo shahararren DJ ɗin Faransa David Guetta Dir'iyya kusa da Riyad, muna kallo a waya muna cewa anya ƙasar nan ce. Disambar 2019 da aka yi babban bikin kiɗa na MDL Beast na farko a Banban kusa da Riyad, mu huɗu muka haɗa kuɗin mai muka kama hanya, kilomita ɗari tara da wani abu, sanyi ya ci ƙaniyarmu don mu 'yan Jidda ba mu san ana sa rigar sanyi da gaske ba. Sai dai ba wannan ne ya zaburar da ni ba. Bikin Balad Beast na Disambar 2022 ne, da na tsaya a tsakiyar Balad, tsohon garin Jidda, ina kallon an haska tsofaffin gidajen nan masu rawashi, wato tagogin katako, lungunan da Ummata ta yi shekaru tana bi da tiren gyaɗa da habbatul azizi, wato aya, a ka, ga 'yan garinmu irin su Cosmicat da Dish Dash sun riga sun yi suna a harkar. Na dawo gida na kasa barci. Babban biki sau ɗaya a shekara ai kamar Sallah ne, a yi ado a ci a watse. Ni kasuwa nake so, irin mai ci mako-mako, wadda ko ba a yi shela ba kowa ya san ranarta.

Mu goma sha ɗaya ne a daren farko, a kan rufin gidan wani abokina, da sifika guda ta aro da kwamfutar da sai an tokare mata caja da littafi take ɗaukar wuta. Daga nan muka koma istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, ta hanyar Abhur, daga baya Allah ya haɗa mu da mai wurin da muke yanzu wanda yake da tasrihinsa, wato izinin hukuma, cikakke, muka huta da fargaba. Alhamis muka zaɓa saboda tun 2013 hutun mako ya koma Juma'a da Asabar, to daren Alhamis kowa ya ajiye gajiyar aiki. Muna rufewa a azumi gaba ɗaya, muna rufewa lokacin aikin Hajji don rabin mutanenmu suna Makka da Mina wajen neman na kai, shi ya sa ɗarin ta ɗauke mu shekara biyu da 'yan watanni. Akwai daren da mutum shida suka zo, uku a ciki ma masu aiki ne. Na yi kiɗa awa uku wa kujeru. A lokacin na yi niyyar ajiyewa wallahi, yayana ne ya ce kai dai ka buɗe ƙofa mako mai zuwa, kasuwa ba ta mutuwa don an yi ruwa rana ɗaya. Yaya, na gode, ko da yake har yau ba ka taɓa taka rawa ko sau ɗaya ba, kullum kana bakin ƙofa hannu a aljihu.

Yanzu ga abin da ya faru ranar Alhamis, don da yawanku kun ga shiru kawai ba ku san me ke faruwa a bayan tebur ba.

Kamfanin da muka yi hayar manyan kaya a wurinsa, mun ba da arbun, wato kafin alƙalami, tun mako biyu, sai bayan la'asar suka turo saƙo wai motarsu ta tafi wani biki. Ba zan kama suna ba, Allah ya isa kawai ban ce ba, amma na kusa. Muka koma kan tsohuwar mikisarmu, na'urar haɗa sauti, da sifikun da aka tattaro daga gida uku. Ga ruɗubar Jidda ta ƙarshen zafi, wato danshin iska, irin wadda in ka fito daga mota gilashin idonka ke yin hazo, mu kuma a fili muke saboda ciki ba zai ɗauki jama'ar ba. Wajen sha ɗaya da rabi, wuri ya cika, ina tsakiyar haɗa wata waƙar Black Coffee, DJ ɗin Afirka ta Kudu, da wata, sai na ga fitilun mikisa sun yi ƙyaf ƙyaf, suka ɗauke. Tsit. Na shafa samanta na ji danshi kamar an yayyafa mata ruwa. Jama'a ban taɓa jin shiru mai nauyi irin wannan ba, har ƙarar cokalin mai shayi ina ji daga can ƙarshen fili.

Kawu, da kai zan fara. Ga wanda bai sani ba, dattijon nan mai farar hula ƙanin kakata ne, ya haura saba'in, shekarunsa a Jidda sun fi nawa na haihuwa, kuma kalangu ya ci a bukukuwan Hausawan Hijaz tun kafin a haife ni. Na gayyace shi ne kawai ya zo ya buga minti biyar a ƙarshe don albarka, sai da na yi masa zuwa uku ma kafin ya amsa, yana cewa shi ina shi ina kiɗan inji. Da shirun nan ya yi tsawo ban ko dube shi ba, shi da kansa ya miƙe, ya rataya kalangu a kafaɗa, ya matse tsarkiya a hammata ya shiga tsakiyar fili ba makirfo ba komai. Bugun farko mutane suka yi dariya. Kafin minti biyu samarin Hijaz da ke gefe sun kama tafin mizmar, rawarsu ta gargajiya, irin tafin nan nasu mai tsage kunne, 'yan Sudan suka shigo da guɗa, wasu 'yan Filifin da wasu Turawa biyu da ban san wa ya kawo su ba suka shiga da'ira. Minti arba'in Kawu yana bugawa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana yi wa mutane kirari da kalangu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ke jin harshen ganga suna ihu waɗanda ba sa ji ma suna ihu. Kawu Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Allah ya sa ka gama da duniya lafiya. Kuɗin da na ba ka ka mayar min a aljihu ina sane, zan kai wa Inna.

Sai injiniyanmu, ɗan Mai Wurno ta Sudan, wanda ya yi shekaru yana haɗa sauti a bukukuwan Omdurman kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba shi da shagonsa da kayansa duka, ya biyo ta Bur Sudan ya iso nan da jaka ɗaya. Ina tsaye ina salati, shi ko ya durƙusa ya kwance bayan mikisa da wuƙar yanka lemo don babu sukundireba, ya ce a nemo masa istishwar, abin busar da gashin mata. Wata baiwar Allah a ɓangaren iyali ta ce akwai a motarta. Haka ya riƙa hura wa allon iska a hankali daga nesa, yana cewa in aka matsa kusa zai narke, ni ina haska masa da waya hannuna na rawa yana cewa ya zol, wato kai mutum da Larabcin Sudan, tsaya wuri ɗaya mana. Da fitila ta kawo bai bar ni na kunna nan take ba, ya ce saurari tsohon tukuna, ka bi shi, kar ka sa shi ya bi ka. Na ƙirga bugun Kawu da yatsa a kan tebur, na sauke gudun waƙar har ya zauna daidai, na shigo da gangar a ƙasa ƙasa. Abin da ya biyo baya kun gani da idonku, ni dai hawaye ne ya hana ni gani sosai. Ɗan uwa Allah ya mayar maka da abin da ka rasa, Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Mai istishwar, ban san sunanki ba, abinki yana wurin ƙanwata.

Ƙanwata mai littafin ƙofa, dare ɗari ba ki yi kuskuren riyal ɗaya ba, kuma ke kaɗai kike iya hana abokaina shiga kyauta. Bayamanen da ke mana shayin adani, da Hajiya mai sobiya, da yaran da ke gasa tsire, wanda Larabawan nan ke kira siriya suna ci suna zufa ba su san daga gidanmu ya fito ba, na gode. Da aka yi shirun nan Hajiya ta ce a raba sobiya kyauta don kar mutane su fara tafiya, ban roƙe ta ba kuma ta ƙi karɓar ko halala, ƙwandalar nan ƙasar. Masu shara biyu da ke zuwa bayan kowa ya watse, mai wuri da ya ƙara mana rabin awa, maƙwabta da suka yi haƙuri, Allah ya saka da alheri.

Akwai kuma waɗanda ba sa son abin da nake yi, su ma ina gode musu, ba gatse ba. Limamin unguwarmu ya kira ni gefe tun farko ya faɗa min ra'ayinsa a kan kiɗa ba ɓoye-ɓoye, bai zage ni ba bai kuma yi da ni a bayan ido ba, ya ce tunda ka ƙi bari to kar asuba ta taɓa kuɓuce maka. Shi ya sa muke kashe sifika ƙarfe biyu ko da ana roƙo. Babana ma har gobe cewa yake wasan yara ne, bai taɓa zuwa ba kuma na san ba zai zo ba. Amma ranar Alhamis da ya ji ina faɗa a waya da mutanen kaya, bai ce uffan ba, ya shiga ɗaki ya fito ya ajiye makullin motarsa a kan tabarma kusa da ƙafata ya wuce masallaci. Da ita muka kwaso sifikun. Baba na san ba za ka karanta wannan ba, Umma za ta karanta maka. Umma, ke kuma addu'arki ce, da dambun da kika aiko wanda masu aiki suka cinye kafin na gani.

Ku da kuka zo kuka tsaya ba ku nemi a mayar muku da kuɗi ba, musamman 'yan goma sha ɗayan farko, bakwai a cikinku na gani a daren, na gode na gode.

Kayan da aka tsinta: makullin mota guda, gilashin ido, takalmin mace ƙafar hagu kawai (yadda aka yi kika koma gida Allah masani) da cajar waya uku. A tuntuɓi ƙanwata. Alhamis mai zuwa muna nan in Allah ya kai mu, a ciki za mu yi har ruɗuba ta sauka, ƙofa ƙarfe tara. Masu tambaya ko Kawu zai dawo, na je jiya na same shi yana shafa man zafi a kafaɗa, ya ce sai ya yi shawara.