Zama a Windows 10 bayan an janye tallafi: abin da aikin gyara ke koya wa mutum

Ranar Talata 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya fitar da facin kyauta na ƙarshe, wato gyaran da ke toshe ramukan tsaro, ga Windows 10, shekara goma da 'yan watanni bayan fitowarta a Yulin 2015. Washegari duk kwamfutar da aka kunna ta tashi lafiya lau. Word ya buɗe, firinta ta buga takarda, intanet ya kama. Wannan lafiyar ita ce ke ruɗin mutane, har mai shago ya ce ai ba abin da ya canza, surutun 'yan kasuwa ne kawai don a sayi sabuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin ba wanda ya kashe masa na'ura daga nesa. Abin da ya tsaya shi ne toshe ɓaraka, kuma ɓaraka ba ta nuna kanta a fuskar kwamfuta.

Darasi na farko da wannan aiki ke koyarwa shi ne yadda haɗarin yake girma. Windows 10 da Windows 11 'yan ɗaki ɗaya ne, kaso mai yawa na ginin cikinsu iri ɗaya ne. A Talata ta biyu ta kowane wata Microsoft yana sakin faci. Masu kutse suna ɗaukar fayil ɗin da aka gyara su kwatanta da na kafin gyara, su ga daidai inda aka taɓa, daga nan su gane ramin da aka toshe. In ramin nan yana cikin Windows 10, kuma sau da yawa yana nan, to an nuna musu ƙofa ke nan, kuma ƙofar da ba mai zuwa rufewa. Saboda haka haɗarin tara-tara ne. Wata na farko ramuka kaɗan, bayan shekara biyu bango ya zama rariya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akan kawo WannaCry a matsayin hujja, kuma ya kamata a kawo shi daidai. Manhajar garkuwa da fayiloli ce da ta ɓarke ranar 12 ga Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya. Ta bi ta tsohuwar hanyar raba fayiloli ta SMBv1, ta ƙofa mai lamba 445, ba tare da kowa ya danna komai ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne facin ramin ya fito tun 14 ga Maris, wata biyu kafin harin, kuma mafi yawan kwamfutocin da suka kamu Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin tana cikin tallafi. Facin yana nan, ba a sa ba ne kawai. Windows XP, da tallafinta ya ƙare tun Afrilun 2014, ita ma Microsoft ya fitar mata da facin gaggawa a lokacin, ya sake yi a 2019 saboda ramin BlueKeep. Amma alfarma ce, ba a gina tsarin ofis a kan alfarma.

Wannan ya kai mu ga abin da ya fi shafar kwamfutocin da ke hannun jama'a a nan. Da yawansu sun bar tallafi tun kafin ranar 14 ga Oktoba, domin an kashe musu sabuntawa saboda tsadar data, ko kuma an ɗora musu Windows ta bayan fage tare da manhajar fasa lasisi, wadda sai an kashe Defender, maigadin cuta da ke zuwa da Windows, take zama. Kafin a yi gardamar komai, a danna maɓallin Windows da R, a rubuta winver. In ta nuna 22H2, ita ce fitowa ta ƙarshe, akwai sauran zaɓi. In ta nuna 21H2, tallafinta na Home da Pro ya ƙare tun Yunin 2023. In 1809 ko 1909 ce, shekaru ke nan tana tafiya tsirara. Irin wannan sai an fara kai ta 22H2 kafin wata magana.

Darasi na biyu: kashi mai kyau na kwamfutocin da ake cewa "ba ta ɗaukar Windows 11" suna ɗauka, saiti ne ya hana. Sharuɗɗan su ne RAM gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, UEFI (sabon tsarin tayar da kwamfuta) mai iya Secure Boot, TPM 2.0 (sashen tsaro mai ajiye makullan sirri), da furosesa ta Intel zubi na takwas zuwa sama ko galibin AMD Ryzen 2000 zuwa sama. TPM ɗin ne ya fi jawo ruɗani. A na'urori da yawa yana cikin furosesar, a kashe kawai yake a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, kuma ba da sunan TPM zai fito ba. A Intel sunansa PTT, a AMD kuma fTPM. Umarnin tpm.msc zai nuna ko yana aiki da kuma lambarsa. Sai msinfo32, a duba layin BIOS Mode. In an ga Legacy, faifan yana kan tsohon tsarin raba faifai na MBR, kuma nan ne masu gaggawa ke yin ɓarna: su shiga BIOS su juya zuwa UEFI, kwamfuta ta ƙi tashi, su ɗauka faifai ya mutu. Jerin aikin shi ne a kwafe fayiloli tukuna, a dakatar da BitLocker, makullin faifai na Windows, in yana kunne, a buɗe Command Prompt da ikon admin a rubuta mbr2gpt /validate /allowFullOS, in ta amince a rubuta mbr2gpt /convert /allowFullOS, sannan a sake kunnawa a juya BIOS zuwa UEFI. In faifan yana da manyan ɓangarori fiye da uku, za ta ƙi, sai an rage ɗaya. Windows 10 mai bit 32 kuwa ba ta hawa kai tsaye, sai an goge an ɗora sabuwa. Bayan hawa akwai kwana goma na komawa baya, muddin ba a share jakar Windows.old ba.

Furosesa ce ba ta da dabara. Kuma a nan ne mai sayen na hannu a Computer Village ta Ikeja ko Banex ta Abuja ya kamata ya buɗe ido, domin ofisoshin Turai da Amurka suna sauke daidai injinan da suka faɗi wannan sharaɗi, su ne kuma ke cika kwantena. Takardar "Core i7" da ke manne a jiki ba ta faɗin komai. Lambar da ke bayanta ce magana: i5-6300U zubi na shida ce, i7-7600U na bakwai, i5-8250U na takwas. HP EliteBook 840 G3 da ThinkPad T470 injina ne masu ƙwari, amma suna ƙasa da layin. EliteBook 840 G5 da ThinkPad T480 galibi suna sama, duk da haka a duba lambar, domin akwai masu zubi na bakwai a cikinsu. In dillali ya nuna tsohuwa tana gudu da Windows 11, ba shaida ba ce, tsallake sharuɗɗan aka yi.

Tsallaken nan, da manhaja irin Rufus, yana aiki, kuma ba sai an ɓoye ba. Injin zubi na shida ko na bakwai mai SSD da RAM gigabait 8 yana ɗaukar Windows 11 ba tare da nishi ba. Matsalarsa daga baya take zuwa. Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ba irin wannan na'ura faci ba. A aikace facin wata-wata yakan zo, amma babbar fitowar shekara ba ta zuwa da kanta, kuma kowace fitowa ta Home da Pro wata 24 take da shi. 23H2 ta ƙare a Nuwamban 2025. Wanda aka tsallake masa ya tafi bai dawo ba, yana zaune a Windows 11 marar faci yana ganin ya tsira. Daga 24H2 kuma ana buƙatar furosesa mai SSE4.2 da POPCNT, don haka Core 2 Duo ko an tsallake ba za ta tashi ba. Wannan hanya ta dace da wanda zai iya kula da na'urarsa da kansa. Ba ta dace da kwamfutar akawu ba.

Ga wanda zai zauna a Windows 10, hanyar da ta fi tsafta ita ce shirin ƙarin faci da ake kira ESU. Wa'adin da aka sanar wa na gida a 2025 shi ne 13 ga Oktoban 2026. Ana shiga ta Settings, Update & Security, Windows Update, a danna Enroll now, da asusun Microsoft. Ko dai a kunna Windows Backup a samu kyauta, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko dala 30, kuma rajista ɗaya tana ɗaukar na'ura har goma. In maɓallin bai fito ba, dalilan da aka saba gani su ne ba 22H2 ba ce, ko akwai facin baya da ba a sa ba, ko asusun ba na admin ba ne, ko kwamfutar tana ƙarƙashin sabar ofis. Na kamfanoni dala 61 ne kowace na'ura a shekarar farko, ya ninka zuwa 122, sannan 244, ya tsaya a Oktoban 2028, kuma wanda ya shiga a makare sai ya biya na shekarar da ta wuce. Lissafin shekara uku dala 427 ke nan, kuɗin da zai sayi injin na hannu mai kyau. An tsara farashin ne don ya kori mutum, kuma ya kamata a ɗauke shi haka: lokaci ake saye don shirya ƙaura. Wasu kan ɗora LTSC, bugun Windows 10 mai dogon tallafi, saboda na IoT 2021 yana da tallafi har Janairun 2032, amma lasisin kamfanoni da na'urori na musamman ne, kuma kofen da ke yawo a kasuwa ba wanda ya san abin da aka cusa masa.

Akwai kuma abin da ake mantawa: Office 2016 da Office 2019 su ma a ranar 14 ga Oktoban 2025 tallafinsu ya ƙare. ESU bai rufe su ba. Fayil ɗin Word da aka turo ta imel hanya ce mai zaman kanta.

Tarihin Windows 7 ya nuna yadda ƙarshen yake zuwa a zahiri. Tallafinta ya ƙare a Janairun 2020, amma mutane ba su ji a jikinsu ba sai bayan shekara uku, lokacin da Chrome ya tsaya a lamba 109 a farkon 2023, Firefox kuma ya tsaya a 115. Daga nan shafukan banki da na rajista suka fara ƙin buɗewa daidai, sababbin firintoci suka zo ba direba. Burauza ce ke yanke hukunci. A Windows 10, burauzar Edge da sabunta bayanan Defender za su ci gaba har 2028, to amma kada a ɗauki Defender a matsayin madadin faci. Maigadi ne da ke gane ɓarawon da aka nuna masa hotonsa, ba magini ba ne.

Darasin da ya fi kowanne amfani shi ne a daina tambayar "wace Windows" a koma tambayar "me wannan na'ura take taɓawa". Kwamfutar da ake shiga banki da ita, ko ake ajiye bayanan marasa lafiya, ɗalibai ko albashi, ba ta da hurumin zama ba faci ko na wata ɗaya. Amma akwai wadda dole ta zauna a tsohuwa: mai tuƙa injin yankan sitika, ko na'urar awo a ɗakin gwaji, ko tsohuwar manhajar lissafi da kamfaninta ya rufe. Wannan ba a taɓa ta, killace ta ake yi. A cire mata Wi-Fi. In tana buƙatar firintar ofis, a ba ta adireshin IP na dindindin a bar gurbin Default gateway fanko, za ta ga firinta amma ba za ta fita intanet ba. A kashe Remote Desktop, wato ƙofa ta 3389. A rubuta optionalfeatures a tabbatar SMB 1.0 ba shi da alama. Sau da yawa mai saita tsohuwar fotokwafi ne ya kunna shi don sikanin ya riƙa faɗawa jaka, ya tafi ya bar shi. Mai aiki ya riƙa shiga da asusu marar ikon admin. Fulash ɗaya tak a ware mata, a riƙa duba shi a kwamfuta mai faci, domin a shagon buga takardu fulash ɗin kwastoma ya fi intanet kawo cuta, musamman mai mayar da jakunkuna gajerun hanyoyi.

Sannan a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya da Clonezilla zuwa faifan waje, a cire shi a sa a durowa. Kwafin da ke manne da kwamfuta kullum, manhajar garkuwa tare za ta kulle su. A ajiye direbobi da fayil ɗin ɗora manhajar da lambar lasisinta, domin ranar da faifai ya mutu shafin saukar da su ƙila ya ɓace. Batirin CR2032 na kan allon uwa shi ma a canza shi. In ya mutu agogo ya koma baya, manhaja mai lasisi ta ƙi buɗewa, a yi ta neman cuta inda babu.

Injin da ya faɗi sharaɗi amma aikinsa burauza ne da rubutu, Linux Mint 22, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, ta ishe shi, tana da faci har 2029, kuma RAM gigabait 4 ya wadatar. A fara gwada ta daga fulash ba tare da an ɗora ba, a ga ko Wi-Fi, sauti da firinta suna aiki. Inda take cijewa sananne ne: CorelDRAW da Photoshop ba su da bugun Linux, kuma takardar Word mai tebur da yawa takan goce a LibreOffice. Shagon da CorelDRAW ne abincinsa gara ya raba aiki biyu, tsohuwar ta zauna a killace tana zane, wata daban mai faci ta riƙa karɓar aikin kwastoma ta WhatsApp da imel, a duba fayil a can kafin ya ƙetara.