Kemaliye, garin da ya fasa dutse ya yi wa kansa hanya

Daga birnin Malatya na Turkiyya na shiga ƙaramar bas, irin wadda Turkawa ke kira dolmush, muka bi ta Arapgir zuwa Kemaliye, tafiyar kusan awa uku. Bayan Arapgir hanyar ta zama hawa da gangara da kwana-kwana, don haka mai saurin jiri ya nemi kujerar gaba, kuma kada ya cika ciki kafin a tashi. Motocin ba su da yawa a yini. Wanda ya makara ya isa tasha da yamma, ko dai ya kwana ko ya ɗauki shata. Akwai kuma jirgin ƙasan Ankara zuwa Kars, wanda ke tsayawa a tashar Bağıştaş, amma tashar a jeji take, sai ka shirya da mai masaukinka ya turo mota tun kafin ka sauka.

Kemaliye gunduma ce a lardin Erzincan, gabashin Turkiyya. Garin a manne yake a jikin tsauni, ƙarƙashinsa kuma kogin Karasu, ɗaya daga cikin rassa biyu da ke haɗuwa su zama kogin Furatu. Ruwan a nan kwance yake, kore shar, saboda madatsar Keban da aka gama a 1974 ta tare shi daga ƙasa. Tsohon sunan garin Eğin, a 1922 aka sauya shi don girmama Mustafa Kemal, wanda daga baya ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, amma har yau 'yan garin Eğin suke cewa. Armeniyawa sun zauna nan tun ƙarni na 11, tare da Musulmi daga baya, har kashe-kashen 1896 da korar 1915 suka kawo ƙarshen zamansu. Cocinsu na nan, ya taɓa zama masaƙar darduma, yanzu gidan tarihi ne.

Kana ɗaga kai za ka gane matsalar wurin: babu filin noma. Gonakin 'yan guntaye ne, hawa-hawa, kowanne da katangar dutse da ke riƙe ƙasarsa kada ruwa ya kwashe. Wannan ne ya sa maza suka riƙa tafiya ci-rani Santanbul tun zamanin daular Usmaniyya ta Turkawa, inda suka yi suna a fawa da sayar da itace da gawayi, wasu kuma a canjin kuɗi. Kuɗin da suka turo gida shi ya gina gidajen da ake zuwa kallo yau.

Gidajen sun cancanci a tsaya a kansu. Hawan ƙasa da dutse ake yinsa, na sama kuma da katako, gidan duka ya kan kai hawa uku ko huɗu, kuma saboda gangaren wuri sai ka ga gida ɗaya yana da ƙofa a titin ƙasa da wata a titin sama. Asalin rufin shimfiɗaɗɗe ne, an jera masa tsakuwar kogi, a nan ake shanya. Da mutane suka watse aka rasa mai share dusar ƙanƙara da mai gyaran yoyo, sai aka lulluɓe rufi da bango da kwano. Ni dai kwanon bai yi mini kyau ba, amma shi ya hana katakon ruɓewa. A ƙofa kuma za ka ga maƙwanƙwasai biyu na ƙarfe. Babban mai kaurin sauti na maza ne, ƙaramin mai siririn sauti na mata, don na ciki su san wa zai fito ya buɗe. Har yanzu akwai maƙera a garin da ke ƙera su da hannu.

Abin da ƙasar ta hana a hatsi ta biya da ruwa. Idon ruwan Kadıgölü yana fitowa daga ƙarƙashin dutse a tsakiyar gari da sanyi ƙarara, ya bi kwalbatoci ya shayar da lambuna, ya juya dutsen niƙa. Bishiyar da ta riƙe gidaje ita ce dut, mai 'ya'ya farare masu zaƙi, tsawon gaɓar yatsa. A watan Yuni da Yuli ake shimfiɗa zane a ƙasa a girgiza rassan. Wasu a shanya su, wasu a dafa a tace a samu ruwan zaƙi mai kauri, pekmez. In aka haɗa shi da sitaci aka shafa a kan ƙyalle ya bushe, sai a jiƙa bayan ƙyallen a ɓare shi falle-falle, shi ne pestil. Sannan akwai lök, dakuwar garin: busasshen dut da ƙwayar ceviz mai maiƙo, wadda Turawa ke kira walnut, a daka su a turmin dutse har man ya fito ya haɗe su. Ba a sa sukari. Yana da nauyi a ciki, guda biyu da shayi sun ishe ka.

Abin da ya fi kai ni shi ne Taş Yol, hanyar dutse da ke ratsa Karanlık Kanyon, kwazazzabon da rana ba ta cika kaiwa gindinsa ba. A 1870 mutanen garin suka fara fasa ta da diga da guduma don su samu gajeriyar hanya zuwa garin Divriği, aiki ya yi ta tsayawa yana tashi, sai a 2002 aka buɗe ta, bayan gwamnan Erzincan na lokacin, Recep Yazıcıoğlu, ya sa hannun hukuma a shekarun 1990, jama'a kuma suka yi karo-karo. Tsawonta kusan kilomita 7 ne, da ramuka 38. Ba kwalta, ba fitila, ba shinge a mafi yawan bakinta, kuma faɗinta na mota ɗaya ne. In kun yi kiciɓis da wata mota, dole ɗaya ya ja da baya har inda ya ɗan buɗe. Direbanmu horn yake dannawa kafin kowace kwana. Hasken da ke cikin ramukan daga tagogin da aka huda ta gefen kogi yake shigowa, ta nan ne ma aka riƙa zubar da ɓaraguzai lokacin aikin. Kada a shige ta bayan ruwan sama, duwatsu na zubowa, kuma mota mai gajeren ƙasa za ta sha wuya. Wanda ba ya son tsayi ya hau kwalekwalen inji daga gari, ya kalli hanyar daga ƙasa.

Ƙauyukan gundumar, irin su Apçağa da Ocak, da bazara suke cika, lokacin da 'yan Santanbul ke dawowa buɗe gidajen iyaye, makiyaya kuma su haura da tumaki saman tsaunuka su yi cukun da ake ɗurawa a salkar akuya. Da hunturu tsofaffi kaɗan ke saura, dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi. Daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba ne lokacin zuwa. A riƙe tsabar kuɗin lira don ƙauyuka, da takalmi mai kama ƙasa, domin rabin titunan garin matakala ce.