Kiredit takwas a hannu, yarinya tana zaune a gida

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shugabancin wata sakandare mai zaman kanta a Agege, irin waɗanda ake boko da safe a yi Islamiyya da yamma. A shekarun farko, duk lokacin da sakamakon WAEC ya fito, nakan sa a buga babban kyalle a rataye a bakin ƙofa: ga yawan waɗanda suka zauna, ga yawan waɗanda suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Iyaye su zo su yi ta sa albarka, mai makaranta ya kira ni ya yaba, ni kuma in koma ofis ina jin na sauke nauyi. Ko sau ɗaya ban taɓa zama na ƙirga mutum nawa cikin yaran nan suka taka ƙafa a jami'a ba.

Ku ƙannena da kuka fara riƙe makarantu a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, da ku nake. Na san kyallen nan yana nan a ƙofar da yawanku.

Wata uwa ce ta fara tsinka mini zaren, a 2016. Ta shigo ofis da 'yarta, yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajinsu, ta ajiye takardu a kan tebur. Kiredit takwas. Makin JAMB, jarrabawar shiga jami'a, mai kyau, wanda ko ɗan gidan farfesa ba zai ji kunyarsa ba. Ta ce, "Malam, ni ban yi boko ba, amma an ce komai ta ci. To me ya sa aka ce ba za ta karanta lauyancin ba?"

Na ɗauki takardar ina dubawa, sai na ji gumi yana bin bayana. Babu Literature, wato adabin Turanci. Shekara uku kafin wannan rana malamin darasin ya sami aikin gwamnati ya tafi. Na duba na ga yara uku kacal ke ɗaukarsa, na yi lissafin albashi, na ce ba sai an ɗauko wani ba, su zaɓi wani darasin. Ban buɗe kundin JAMB na duba ba, da na ga cewa mai son karatun lauya sai da adabin Turanci. Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda yarinyar ta zaɓa don tana iya zuwa daga gida, tana son kiredit ɗin nan biyar a zama ɗaya, don haka ba ma zancen ta je ta rubuto wannan darasi shi kaɗai ta haɗa. Na ce, "Hajiya, laifin ba nata ba ne." Ta ce, "To na wane ne, Malam?" Na yi shiru, ita ma ba ta sake tambaya ba.

A daren na ɗauko rajistar waɗanda suka gama a shekara biyu da suka wuce, na yi ta buga wa iyaye waya. Waɗanda suka sami gurbin karatu ba su cika yatsun hannu biyu ba. Sauran, wasu suna shagon uba a kasuwa, wasu suna jiran "baɗi". Kuma da na bi labarinsu ɗaya bayan ɗaya, kaɗan ne ƙwaƙwalwa ta kayar. Yawanci takarda ce, ko zaɓin da aka yi musu tun suna SS1 babu wanda ya tambaye su me suke son zama.

Ranar da ake raba yara zuwa ajin kimiyya da na fasaha da na kasuwanci, ranar ce ake yanke rabin hukuncin shiga jami'a, amma a makarantunmu ita ce ranar da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mu dai mukan duba makin Lissafi, mu ce kai je can, ke zo nan. Mai son likitanci zai rubuta Turanci da Physics da Chemistry da Biology a JAMB. Mai son injiniyanci, Lissafi ne zai maye gurbin Biology. Waɗannan ba sirri ba ne, suna cikin kundin da hukumar ke sakawa a shafinta, kwas-kwas, jami'a-jami'a, kuma sharuɗɗan sukan canja. Wanda ya karanta na bara bai karanta na bana ba. Daga shekarar da uwar nan ta zo na mayar da shi dole a kaina in zauna da kowane yaro da uban sa ko uwarsa a zangon farko na SS1, kundin yana buɗe a gabanmu. Yakan ci mini mako biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, don ganin sauƙi ne ya jawo shi. Akwai wani saurayi mai shagon intanet a layinmu, mai fara'a da saurin hannu. Lokacin rajistar JAMB nakan tara kuɗin yara in miƙa masa, shi zai yi komai, ya kwashe su a danfo ya kai su cibiyar da ake ɗaukar hoton yatsu. Ashe don ya rage wa kansa wahala, tarin layukan waya gare shi a aljihun tebur, da su yake buɗe wa yara bayanansu, shi ke ƙirƙirar imel, shi ke riƙe da kalmar sirri. A 2017 JAMB ta ɓullo da tsarin CAPS, inda idan makaranta ta ba yaro gurbi sai ya shiga shafinsa da kansa ya danna cewa ya karɓa, kuma akwai wa'adi. Shekara ta gaba wani yaronmu, ɗan mai sayar da albasa, ya sami gurbi a wata jami'ar tarayya a Arewa. Saƙo ya tafi layin da ke cikin aljihun teburin mai shago, wanda a lokacin ya rufe shagon ya koma garinsu. Sai da wani abokin yaron ya ga sunansa aka zo mini da gudu, amma ihu ne bayan hari. Ban ɗora wa saurayin nan laifi ba har yau. Shi kasuwancinsa yake. Ni ne aka ba amanar 'ya'yan mutane, na miƙa ta ga wani don kada in sha rana.

Layin wayar da yaro ya yi rajista da shi, ku ɗauke shi kamar takardar filin gado. Da shi ake tura lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, zuwa 55019 ko 66019 a sami lambar rajista, da shi ake duba sakamako. Ya zama nasa ne ko na mahaifiyarsa, wanda ba za a jefar ba, a riƙa sa masa kati ko na naira ɗari don kada kamfani ya rufe shi. Wanda kuma ya yi rajista yana jiran sakamakon WAEC ko NECO, da zarar ya fito sai ya koma cibiya an ɗora shi a shafinsa na JAMB, in ba haka ba babu jami'ar da za ta dube shi ko da ya ci 300 cikin 400. Wannan ƙaramin aiki ya zaunar da yara masu yawa a gida.

Sai maganar suna. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma abin da ke kan NIN shi kwamfuta za ta ɗauko, ba ta san ka ba, ba ta san ubanka ba. Mu kuwa yaro ɗaya sai ka same shi da suna uku: Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a rajistar makaranta, a NIN kuma wanda ya cike fom, mai yiwuwa ba Bahaushe ba ne, ya rubuta yadda kunnensa ya jiyo. Wani sunan kaka ne a nan, sunan uba a can, wani kuma sunan garinsu aka liƙa masa. Ranar haihuwa ma haka, uba ya faɗi shekara da ka, alhali dokar shiga jami'a tana neman shekara 16. Gyara yana yiwuwa, amma kuɗi ne da rantsuwa a kotu da layi tun asuba, kuma ba ya ƙarewa a mako guda. Na koma ina karɓar kwafin NIN da takardar haihuwa a SS1, in jera su kusa da rajistarmu, harafi-harafi, kafin a tura sunan kowa WAEC.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne matsayinmu na Hausawan Legas a wannan lissafi. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, waɗanda mafi yawansu na Arewa ne. Abin da ake dubawa jihar asali ce, ba inda aka yanke maka cibiya ba. Yaron da aka haifa a Zangon Agege, ya fi jin Yarbanci a kan Hausar Katsina, amma takardar asalinsa ta ce Katsina, to a Akoka ba ɗan yanki ba ne. Yankin can na jihohin Yarbawa shida ne. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano kuwa, ɗan gida ne. LASU, wato Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, ta jiha ce, kuma dole 'yan asalin jihar su fi samun fifiko. Akwai gidajen da suka zauna a Agege tun zamanin fataucin goro, takardarsu ta Legas ce, su lissafinsu daban. Shi ya sa ba a yi wa aji guda kuɗin goro. Ni kuwa shekara da shekaru ina barin yara su rubuta Jami'ar Legas a zaɓin farko, likitanci ko lauyanci, don kawai sunan yana da daɗi a baki, alhali manyan jami'o'i ba sa waiwayar wanda ya sa su a zaɓi na biyu.

Amma fa faɗa wa uba haka ba wasa ba ne. Na tuna wani dillalin raguna da na yi wa wannan bayani har da zane a takarda. Ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Malam, namiji dai ko Sakkwato ne ya tafi. Amma 'ya mace in tura ta inda ba na gani?" Ban yi gardama da shi ba, domin tsoronsa ba na banza ba ne. Na tambaye shi ko yana da 'yar'uwa a Kano. Ya ce yayarsa tana Kabuga. Na ce, "Alhaji, ai nan ƙofar jami'ar ce." Ya yi dariya, ya ce sai ya yi shawara. Wata uku muka yi muna wannan magana, bayan Juma'a, a wajen ɗaurin aure, har ya amince. Da a ce sai a makon rajista na tare shi, da "a'a" ɗin farko ita ce ta ƙarshe. Wanda kuma ya kafe cewa 'yarsa ba za ta bar Legas ba, a nuna masa cewa ba jami'a ce kaɗai ƙofa ba: ga kwalejin fasaha ta Yaba, ga kwalejin ilimi ta tarayya a Akoka, kuma mai difloma ko NCE, wato takardar shaidar malanta, yana iya shiga jami'a daga aji biyu. Na daɗe ina raina waɗannan a gaban ɗalibai, kuma wannan ma girman kai ne irin na mai digiri.

Kwamfuta ba zan daɗe a kanta ba, ku matasa kun fi ni saninta. Tun 2015 ake rubuta JAMB gaba ɗaya a kanta; yanzu tambaya 180 ce, awa biyu. Amma kada iya latsa waya ya ruɗe ku. Na ga yaron da ya ƙware a TikTok ya zauna gaban kwamfuta yana kokawa da linzami, bai san cewa danna A, B, C ko D ya wadatar ba, N ta kai shi gaba, P ta dawo da shi baya. Tsofaffin kwamfutoci shida muka sayo a Ikeja, muka riƙa sa yara suna zama da agogo a gabansu kowace Asabar. Jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kuma na daina ɗaukarta asarar kuɗi, ko don yaro ya san yadda ake tashi da asuba a keta cunkoson Legas zuwa cibiyar da bai taɓa zuwa ba.

Kyallen bakin ƙofa ban daina bugawa ba, mai makaranta ba zai yarda ba, kuma gaskiya yana kawo ɗalibai. Sai dai na ƙara wani littafi mai baƙin bango a aljihun teburina. Kowane yaro da shafinsa: sunansa yadda yake a NIN, layin wayarsa, jihar asalinsa, kwas ɗin da yake so, darussan da kwas ɗin ke nema. Ba na ja wa shafi layi sai ranar da aka aiko mini da hoton takardar shiga makaranta, ko uban ya ce mini ga sana'ar da suka zaɓa.

Ita yarinyar farko ba ta karanta lauyanci ba. Mahaifinta ya ce ba zai sake biyan kuɗin wata jarrabawar ba, ta yi aure bayan shekara guda, daga baya da taimakon mijinta ta yi NCE, yanzu tana koyarwa a wata firamare. Shekarata ta ƙarshe a ofis ta kawo ƙanwarta za ta shiga SS1. Muka gaisa, na tambayi maigida da yara, na miƙa mata fom. Ba ta karɓa ba tukuna. Ta ce, "Malam, akwai malamin Literature yanzu?" Na aika a kira shi daga ɗakin malamai, ya zo da alli a hannunsa, ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta ɗauki biro.